Baba Audu Ba Ya Son A Girgiza Makara

Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a Dugabau ya san mahaifina, Baba Audu, wanda muke ce wa Likita. Liman na sallamewa, kafin ka gyara hula ya riga ya cafke gaban makara. Sai umarni: "Kai na baya, kar ka haɗa taku da ni! In na jefa dama, ka jefa hagu. Kar a girgiza shi!"

Ranar da aka kai Tanko mahauci, wani saurayi ya gaji ya ce, "Haba Baba, ai ya rasu."

"Shi ya ce maka ba ya ji?"

Liman kansa sai da ya toshe baki da hannun riga.

Mu 'ya'yansa mun tashi da tinƙahon cewa ubanmu likitan soja ne a ƙasar Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Amma abokin wasansa, Kawu Sale, kullum sai ya ce a majalisa, "Wane likita? Kuku ne, shayi ya dafa wa Turawa!" Baba kuwa bai taɓa tankawa ba. In ka matsa masa, sai ya ce, "Mun je, mun dawo." Shi ke nan tarihin yaƙin duniya a bakinsa.

Zamanin tsuke bakin aljihu, da ko auduga sai ka ga ta gagare ka a kemis, ya yayyaga tsohon rawaninsa ya mayar bandeji. Kyauta yake ɗaure ciwo, amma fa bandejin aro ne. In ka warke ka dawo da shi, ya tafasa ya shanya. Wani manomi daga Lakwaya da fartanya ta sara ya warke ya yi shiru. Wallahi Baba ya hau keke har Lakwaya, ya tarar an ɗaure akuya da bandejin.

"Ita ma fartanyar ce ta sare ta?" in ji shi. Ya kwance abinsa, ya bar su suna bin akuya.

Da shari'a ta zo, wasu samari masu zafin kai suka ji labarin yana ajiye kwalba mai warin tsiya a ɗaki. Suka yi sallama, babbansu ya shinshina ya ce, "Baba, wannan ai giya ce." Sifirit ne na wanke ciwo. Baba bai yi musu ba. Ya dubi ƙafar yaron, ya ga tuntuɓe ya kwashe masa farce, ya ce, "Miƙo nan." Ya tsiyaya. Ihun da yaron ya kurma har bakin kasuwa.

"To, ka ɗana. Daɗi?"

Har ya warke kullum yana zuwa wankin ciwo, kuma ya dawo da bandeji.

Bayan rasuwarsa, ɗana ya dawo daga makaranta yana kuka, wai yara na ce masa jikan kuku. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce sai na kawo takarda na liƙa wa Kawu Sale a goshi. Na hau mota daga Gwarzo har Kaduna, gidan da ake adana tsofaffin takardun gwamnati.

Nan na ga ta kaina. Babu Audu Dugabau ko ɗaya. Ashe mutanenmu da sunan babban gari suke shiga soja, shi kuma dama gudowa ya yi don kada mahaifinsa, malamin allo, ya gano inda yake. Audu Kano kuwa, kai, kamar an zubo gero! Abin da ya cece ni, wani ɗan faifai mai lamba da ya ɗaure a wuyan butar alwalarsa, wanda na daɗe ina zaton alama ce don kar a musanya masa a masallaci. Da lambar muka same shi.

Layi ɗaya ne tak. Ba likita ba ne, ba kuma kuku ba. Mai ɗaukar waɗanda aka harba ne a gadon ɗauka, daga daji zuwa wurin likitoci. Wannan zan kai wa yaro? Ina juya takardun sai ga umarnin da ake koya musu: masu ɗauka kada su haɗa taku, don kada a girgiza mai rauni.

Na tuna ranar jana'izarsa hadari ya taso, muka yi ta sauri da shi, taku ɗaya kamar masu fareti, kuma ni ne a gaba.

Da na dawo na karanta wa Kawu Sale. Ya ce, "Na sani. Yayana aka harba a can, babanka ya ɗauko shi, amma bai kai wurin likita da rai ba. Baban naka ne ya hana ni faɗa, wai ya fi son tsokanar."

Na gaya wa ɗana gaskiya, ba ƙari. Da Kawu Sale ya rasu bara, ni na kama gaban makara, na ji bakina yana cewa, "Kai na baya, kar ka haɗa taku da ni." Ba wanda ya yi dariya.

Allah, bawanka Audu ya ɗauki bayinka a hankali. Ka gafarta masa, Ka karɓe shi a hankali. Amin.