Ƙwaryar Inna Ran Godiyar Girbi

Lahadi mai zuwa ne godiyar girbi a cocinmu, ga shi bana ko zangarniya ba mu yanka ba, 'yan bindiga sun hana mu gona. Shi ne nake ta tuna marigayiya uwar mijina.

Shekarar da fari ya ƙone mata dawa, ta wanke ƙwarya tas, ta ɗora a ka, ta bi layin masu kai dami gaban bagade. Ina bayanta ina shaƙar man kaɗen jikinta, kunya ta ishe ni.

Na raɗa mata, "Inna, ba komai a ciki fa."

Ta ce, "Ke 'yar nan, addu'a ce fal. Kar ki ture ni ta zube."

Ta durƙusa ta sauke da hannu biyu, har da nishi.

Ni kuwa tun da muka gudo daga Sakaba bakina ya yi nauyi wajen addu'a. In na rufe ido, fushi ke zuwa. Ana kai wa Allah irin wannan kuwa?

Ya Uba, ka hutar da Inna. Zan zo ran Lahadi, ka karɓi abin da ka tarar.