Malam Datti Mai Garmaho da Asirin Idanunsa

Kullum da hantsi Malam Datti yakan buɗe rumfarsa a bayan injinan casar shinkafa na Kura, ya share teburi da tafin hannu, ya zauna. Shekara arba'in da uku yana gyaran rediyo mai garmaho, dogon akwatin katakon nan da ke kama tasha, ya kuma juya faifai. Daga Bunkure har Garun Mallam shi kaɗai ya rage da ya san kan 'yan kwalaben gilashin cikinsa, waɗanda sai sun ɗauki zafi murya ke fitowa.

Makon jiya Hajiya Kubra, dillaliyar tumatir a Kadawa, ta kawo na marigayi mahaifinta a a-daidaita-sahu.

"Baba, Inna ta tsufa, ta daina gane mu," in ji ta. "Amma kullum sai ta tambayi akwatin Malam, mahaifinmu."

Ya sansana cikinsa, ya bi wayoyin da yatsa, ya canza biyu da ɓera ya ci, ya liƙe da dalma. Kafin azahar faifai ya juya, goge ya tashi. Don murna Kubra ta miƙa masa hoton mahaifinta.

"Ka gane shi, Baba?"

Ya ƙura wa hoton ido. "Allah ya jiƙansa."

Muhammadu Sani, telan da ke maƙwabtaka da shi, ya leƙo. "Malam, ai bayan hoton kake kallo."

Can Malam Datti ya ce, "Shekara huɗu ke nan ba na gani."

Kubra ta dafe ƙirji tana salati. Telan ya zauna a ƙasa. Shekara huɗu suna gaisawa, suna cin abinci kwano ɗaya, bai taɓa lura ba! Ashe da murya yake gane mutane, da ƙidayar taku yake zuwa masallaci. Ashe a makance yake cusa hannu cikin akwatin da wutarsa ke iya kashe ƙato.

"Haba Malam! Me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗa, wa zai ƙara kawo mini? Sai a sayar wa 'yan gwangwan su farfasa."

Har yau Kura ba ta gama mamaki ba. 'Ya'yansa sun rufe rumfar, sun kai shi asibitin ido a birni, likita ya ce an makara. A Kadawa kuwa, da aka kunna akwatin, tsohuwar ta ɗago kai ta ce, "Kubra, rage murya, Malam na barci."

Kai ne gwani, Malam Datti. Kai ne ka gyara mana namu alhali naka ya lalace, ba ka ce uffan ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku masu gyaran waya da janareto, yana nan zaune a zaurensa, ya ce duk mai son koyo ya zo. Ku je tun hannun nan yana motsi.