Ranar da Hamma Ya Ƙona Maganin Dada

Ni mai haɗa sola ne, shagona yana Bolari kusa da masu walda. Ko albasa ban taɓa shukawa ba sai da ciwon daji ya kama mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada. A nono ya fara, aka yanke, ya koma ƙashi. Daga nan likita ya daina maganar warkewa, ya koma maganar rage zafi. Maganin rage zafin kuwa yau akwai, gobe babu. In hau acaɓa in zaga kantunan magani tun daga Nasarawo har Arawa, in dawo hannu Rabbana, in tarar ta cusa bakin zane a baki tana cizo don kada maƙwabta su ji.

Wata maƙwabciyarmu 'yar Tangale, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ita ke zuwa wanke mata gyambo. Wata rana ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, a wasu ƙasashe likitoci na ba masu irin ciwon nan ganyen nan da yara ke busawa. Ni ban ce ka yi ba fa. Abin da na sani na faɗa maka."

Wiwi take nufi. Na san doka ta hana, na kuma san inda zan kwana in aka kama ni. Saye a hannun yaran tasha ban yarda da shi ba, don Allah kaɗai ya san abin da suke gaurayawa. Na fara gaya wa Dada gaskiya. Ta ce in tambayo malamai. Malamin da na tambaya ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ya ce lalura tana da hukuncinta, amma hukuma ma tana da nata. Na kawo mata amsar yadda take. Ta ce, "To, mu rufa wa kanmu asiri."

Akwai ɗakin ajiya a bayan gida, inda marigayi mahaifinmu ke tara buhunan masara. Na share shi, na toshe tagar, na jera bokitan fenti cike da ƙasa da takin tumaki. Fitilu da fanka da batura duk daga shagona na kwaso. Na samo iri na shuka. Na farkon sun yi tsayi siri-siri suka kwanta. Na biyun zafin bazara ya dafa su, ranar da aka ɗauke wuta batir ya mutu ina wurin aiki. Na zagi kaina, na zagi masu wutar, na sake shukawa. Sai ya zama majinyata biyu gare ni a gidan, in fito daga ɗakin Dada in shiga ɗakin ajiya, in taɓa ƙasa, in juya ganye ina neman ƙwari. Matata kuwa ba ta rabuwa da kaskon turaren wuta saboda wari, har maƙwabta na tsokanarta wai ta koma amarya.

Na ukun suka yi kyau. Ranar da Dada ta fara sha a shayi, ta yi barci tun hantsi har azahar. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin minsharinta, hawaye na zubo mini, ni ƙaton banza. Da ta farka ta ce a tuƙa mata tuwo da miyar kuka. Bai warkar da ita ba, ba zan yi ƙarya ba, ciwon na nan yana cinta. Amma ta dawo mutum. Bayan la'asar matan unguwa, waɗanda ta yi shekara da shekaru tana biya wa karatu a zaurenta, sukan cika ɗakin, tana tsokanarsu suna dariya.

Sai Hamma, babban wana. Babban ma'aikacin gwamnati ne, gidansa na Arawa. Ranar Juma'a kawai yake zuwa, bayan an sauko daga masallaci, da ledar lemo da ayaba. Ba ya zama. A tsaye yake gaishe ta, hancinsa a cikin hankici, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Wata Juma'a ya zo neman kujerun roba da yake zaton suna ɗakin ajiya. Matata ta ce makulli na hannuna. Ya ce gidan ubansa ne, ya sa dutse ya fasa kwaɗon.

Ina shago matata ta kira ni tana kuka. Tun daga bakin titi na ji warin, kafin in ga hayaƙin.

Ya kwaso bokitan zuwa tsakar gida, ya tumɓuke, ya haɗa da busasshen da na rataye, ya zuba fetur ya ƙyasta ashana. Ɗanyen ganye ne, sai hayaƙi ya murtuke. Iska ta kwashe shi ta bi layinmu gida-gida, ga mutane cike da titi da rigunan Juma'a. Wanda bai taɓa sanin warin wiwi ba ranar ya sani. Waɗanda suka sani kuwa, samarin bakin kwalbati, sun taru a ƙofar gidanmu suna shewa, wani na cewa, "Alhaji, a ƙara itace!"

"Hamma, me ka yi?"

"Na tsarkake gidan ubana. Mara kunya! Uwarka kake ɗirka wa kayan maye?"

"Ka tambaye ta? Tun da ta kwanta ka taɓa wuni a gidan nan?"

"In ba don darajarta ba, da hukuma na kira maka."

"Ai da ka kira hukumar, ni kaɗai za su ɗauka. Unguwa ka kira mata gaba ɗaya!"

Da matata ba ta riƙe ni ba, da na ɗaga hannu ga wana ranar. Mutumin da ya je jami'a, yake zama a ofis mai sanyi, a ce bai san hayaƙi ba ya tsayawa a gidan da aka hura shi ba? Da ya tura su cikin buhu ya jefa a kwari, da na ce mugunta ce kawai. Amma so yake a ga wutar, a san shi ne mai tsoron Allah a gidanmu.

Mai unguwa ya zo ya yi faɗa ya kashe maganar, tunda babu abin da ya rage sai toka. Bakin mutane ne bai kasu ba. Matan la'asar suka ragu, suka ragu, suka ɗauke ƙafa. Barkwancin da ta yi musu, wanda suka yi wa dariya har da tafi, shi suka koma maimaitawa a gidajen suna: ashe tsohuwa a buge take. Wata ta zo dubiya da ƙaramar jikarta, da Dada ta miƙa wa yarinyar lemo sai kakar ta fizge hannunta. A gaban idona aka yi.

Akwai sauran magani a gwangwanin madara a madafa, wanda Hamma bai gani ba, kuma zai kai ta wani lokaci mai tsawo. Na haɗa mata shayi na kai. Ta juya fuska bango.

"Ka zubar, ɗan nan."

"Dada, don Allah. Ko kurɓi ɗaya."

"Gara ciwon. Ba za a wanke ni ana cewa a buge na tafi ba."

Na roƙa, tsohuwar nas ta roƙa har da durƙusawa. Ta ƙi. Zafin ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, kuma yanzu ba ta da ƙarfin ɓoye shi. Layin da ya shaƙi hayaƙin nan ya ji kukanta, babu wanda ya leƙo. Ta rasu kafin azumi, kanta a cinyata, farcenta a cikin naman hannuna.

A zaman makoki Hamma ya zauna a tsakiyar tabarma cikin babbar riga yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Alhamdu lillahi, cikin sauƙi ta cika, kamar mai barci." Na ji ya faɗa, na ji ya sake faɗa. Na tashi na shige gida.

Muna gaisawa da Sallah, don zumunci ba a yanke shi. Amma ban yafe masa ba, kuma bai nema ba. Har yau bai tambaye ni yadda ta cika ba.