Dutsen da Inna Ta Wanke

Shekarar da aka fara Shari'a a Zamfara ina Shinkafi, ba da son raina ba. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, ni ne kuma babban ɗansa namiji, sai na baro karatun digiri na biyu a Zariya, wai na wata ɗaya. Wata bakwai ina nan ina juya shi a kan tabarma, ina jin kamar an rufe ni cikin rumbu.

Duk bincikena a kan wani guntun dutsen farar ƙasa yake, wanda aka haƙo daga rijiyar mai, bai fi ƙwan agwagwa ba. Ruwa ake ɗiga masa a duba. In ɗigon ya dunƙule, mai dutsen yake so, zai riƙe shi a ƙarƙashin ƙasa. In ya baje, ruwa yake so, man zai fi saurin fitowa. Sharaɗin ɗaya ne: kada a taɓa maiƙon da ya fito da shi. Malamina ya sha wuya kafin ya samo shi, ya kuma ja mini kunne cewa babu wani. Tsoron kada ya ɓace a ɗakin ɗalibai ya sa na naɗe shi a leda na taho da shi, wai ni mai dabara. Da shi nake sa ran barin garin nan.

Wata rana na tafi Ƙaura Namoda sayo magani. Da na dawo na tarar da dutsen a gefen Baba, fari tas.

"Zanen shimfiɗa nika nema a akwatinka na gan shi," in ji Inna. "Duk dauɗa. Da sabulu da toka na dirje shi, har sau ukku. Babanka bai iya alwala, ga shi sumul, ya yi daidai da taimama."

Wa zan yi wa faɗa? Na tsoma yatsa a buta na ɗiga wa dutsen. Ruwan ya baje, ya shige ciki. Aikin shekara biyu ya lalace ke nan.

Aka kira la'asar. Baba ya miƙo hannunsa mai lafiya, bai kai ba. Na matso masa da dutsen, na danne shi don kada ya zame, yana shafawa yana kaiwa fuska.

Ban sake komawa Zariya ba.