Filin Raƙuman Rhissa

Malam Halidu Ba'adare ne. Ya zo Arlit yana saurayi, ya yi ta tuƙa kar, wato bas ɗin ma'aikatan ma'adinai, har gemunsa ya yi fari. Ranar da ya fara sauka garin bai san kowa ba. Wani makiyayin raƙuma mai suna Rhissa ne ya shimfiɗa masa tabarma a wani fili bayan tasha, ya dafa masa shayi. A nan Rhissa da danginsa ke durƙusar da raƙuma duk sa'ad da suka shigo daga daji.

Da Halidu ya ajiye aiki, sai mutanen unguwa suka tashi gyara filin nan, don ya cika da leda da tsofaffin tayu. Hukumar gari ta ba su aronsa kafin a yi gini. Aka kira taro, kowa ya kawo shawara. Mata suka nemi rumfunan saida abinci, samari wurin ƙwallo, dattawa inuwa. Damina ce, makiyaya duk suna can wurin kiwo. Da Zuwaira mai waina ta tambaya ko akwai mai amfani da filin, Halidu ne ya amsa, "Fili dai ba mai shi."

Aka dasa dogon yaro, kowane gida da itacensa, ana ba shi ruwan alwala. Halidu da hannunsa ya kewaye wurin da waya saboda dabbobi.

Da kaka Rhissa ya iso da raƙumansa, ya tsaya bakin waya.

"Ba'adare, kun yi aljanna ba ku gaya mana ba?"

"Shigo mana, ga inuwar rumfa."

"Ni zan shiga. Su fa?" Ya nuna raƙuman, ya yi murmushi, ya ja su can bayan gari inda babu ko kara.

Halidu ya kasa zama a inuwar. Ya roƙi a sake taro, a bar wa raƙuma kusurwar gabas. Aka ce raƙumi da ɗanyen ganye ba su zama wuri ɗaya, amma in ya yarda a cire itacensa da ke kusurwar, ga wurin. Ya tumɓuke shi da kansa, ya janye wayar.

Kusurwar na nan a share, kullum Halidu yana yayyafa mata ruwa. Rhissa kuwa ya saba da bayan gari, can yake sauka.