Gonar da Habu Ya Bari a Waya

Ummi ce ta tayar da maganar. 'Yar ƙanena Habu ce, tana hannuna a Birnin Kudu tun bayan rasuwarsa. Muna tsintar shinkafa a tsakar gida ta ce, “Gwaggo, wai gonar Babanmu ta cikin waya tana nan?” Na ce tana nan mana, ina za ta je? Ta ce to a nuna mata. Na amsa da to, kamar ba wani abu ba.

Wani gem ne, wasan noma da ake yi a waya ta intanet, kowa da 'yar gonarsa, abokai su riƙa leƙa ta juna suna taimako. Habu ne ya saka mini shi a waya da ƙarfin tsiya, wai malamar makaranta ba ta san komai ba sai jan biro. Shi direban bas ne tsakanin Gwaram da Kano, kuma in yana jiran lodi a tasha, nan yake shuka, nan yake girbi. Tun ranar da aka kawo gawarsa daga hanyar Kiyako ban sake taɓa gem ɗin ba, har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Da na buɗe a yammacin nan, ban gane wurin ba. Sai da ya sa na sabunta shi, ya lashe mini data, sannan fuskar wayar ta cika. Wani saƙo ya faɗo yana mini maraba da dawowa, na rufe. Wani ya faɗo da akwatin kyauta, na buɗe, a cikinsa akwai wani akwatin. An haƙa tafki ana kamun kifi, an kafa kasuwa, an kawo jirgin ƙasa, ga gasar da za ta ƙare jibi, ga wasu dabbobi da ban ma san abin da suke ci ba. Ko'ina jan ɗigo ne yana jiran a danna shi. Wurin da nake dannawa in shiga gonar Habu kuwa babu shi a inda na san shi. Na yi ta danne-danne, Ummi tana jingine da kafaɗata, har aka kira isha'i. Da na waiwaya ta yi barci, bakinta a buɗe. Na kife wayar a tabarma, kuma ba wanda ya faɗo mini a rai sai Inna, kakarmu, da tatsuniyarta ta Tabawa.

A wani ƙauye kusa da Sara muka tashi, a shekarun da aka yanke Jigawa daga Kano. Maza a ƙofar gida ba su da zance sai na sabuwar jiha, wa zai samu aiki a Dutse, yaushe za a kawo mana lantarki. Mu yara ba ruwanmu. Da an gama girbi sanyi ya sauko, an yi sallar isha'i, sai Inna ta hura wuta a ƙofar ɗakinta da kara da ɓawon gyaɗa, mu taru.

Inna mahaifiyar babanmu ce, 'yar ƙaramar tsohuwa mai jan haƙoran goro. Bafulatana ce da ta manta rabin Fulatancinta, sai in ranta ya ɓaci yake dawo mata gaba ɗaya. Tana da doka: wanda bai kawo kara ba, bayan mutane zai zauna ya sha sanyi. Habu bai taɓa kawowa ba, kuma bai taɓa zama a baya ba. Yana zuwa yake kutsawa jikinta, ita kuma ta ce, “Ga maigidana nan, mijin da ba ya cefane sai cin tuwo.” Ni kuwa in na yi ƙorafi ta ce, “Talatu alƙaliya, a kawo miki rawani?” Muna binne dankali a toka, hayaƙi yana sa mu hawaye, ba mai matsawa.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta kalli wajen zaure ta ce, “Ga baƙuwa nan a bakin ƙofa.” Mu ce, “Ta shigo, akwai tabarma.” Yawancin baƙin nata na dariya ne, kura mai kwaɗayi, ko makaho da ya fi masu ido wayo. Ta Tabawa daban ce. Ba ta cika yin ta ba, kuma in za ta yi, takan daɗe tana gyara itacen wuta kafin ta fara.

Tabawa ita kaɗai ce wurin uwarta, wata mai sayar da daddawa da gidanta yake can ƙarshen gari, gindin wata kuka. Ta bi mijinta falke zuwa wata ƙasa mai nisa, shekaru suka tafi. Wata rana wani matafiyi ya ce mata, “Uwarki tana cigiyarki.” Ta ɗaura ƙullin goro da zane da man shanu, ta kamo hanya, ta shigo garinsu ta ƙofar gabas da hantsi.

A gidan farko wata tsohuwa tana shara, ta ɗago ta ce, “Wa nake gani kamar Tabawa? Ba ki ji maigidan nan ya rasu bayanki ba?” To wa zai wuce gidan mutuwa bai yi gaisuwa ba? Tabawa ta shiga ta durƙusa, ta yi ta'aziyya, aka kawo ruwa ta sha, ta ajiye goro. A gida na gaba an haifi tagwaye tana can, dole ta yi barka. Na gaba ƙawarta ce ta ƙuruciya, ta riƙe mata zane tana kuka tana dariya. Inna tana canja murya a kowane gida, ta yi ta tsohuwa, ta yi ta amarya, ta yi ta malami mai doguwar addu'a. Kuma duk inda Tabawa ta yunƙura za ta tashi, sai mutanen gidan su yi mata waƙa, mu kuma mu amsa da ƙarfi muna tafi:

“Tabawa, Tabawa, zauna ki sha ruwa,
gidan uwa ba ya gudu.”

Garin ma ya canja mata. Inda ta san fili an yi gini, inda ta san lungu an ja katanga. In ta tambayi hanya, wanda ta tambaya shi ma yana da mutuwarsa da haihuwarsa da ba ta yi masa gaisuwa ba. Azahar ta same ta a tsakiyar gari, la'asar ta same ta a kasuwa, goronta yana ta raguwa. Sai da rana ta yi ja sannan ta hango kukar.

A nan Inna takan rage murya. Tabawa ta tarar maza suna shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Ashe tun da hantsi wani yaro ya ruga ya gaya wa tsohuwar cewa 'yarta ta shigo gari. Ta sa aka ɗauko ta daga gado aka zaunar da ita a zaure, idonta a kan hanya. A nan ta wuni, a nan rai ya yi halinsa bayan la'asar. Washegari, duk waɗanda suka tsare Tabawa da ruwa da gaisuwa su ne suka zo suna mata ta'aziyya, kowa yana cewa, “Kash, da kin yi sauri.”

Sai Inna ta karkaɗe hannu ta ce, “Baƙuwa ta ɗauki takalminta, kowa ya nemi makwanci.” Amma a daren da na fi tunawa ba wanda ya tafi. Habu ya miƙe tsaye, hancinsa duk toka, ya ce, “Wawuya ce! Ni da ta bayan gari zan bi, in haura katanga.” Inna ta ce, “Kai da ba ka iya wuce mai ƙosai ba?” Aka yi dariya, har shi. Ni ban yi ba. Na ce, “Inna, laifin wa ne, nata ko na mutanen gari?” Ta tona dankalin Habu daga toka, ta hure, ta miƙa masa, sannan ta ce, “Hanyar bayan gari tana nan, kuma Tabawa ta san ta, ai a garin aka haife ta. Ke dai riƙe wannan maganar, alƙaliya.” Na kwanta ina jin haushin Tabawa, ina jin haushin Inna da ta ƙi yanke hukunci.

Inna ta rasu ina makarantar kwana. Na girma ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin gargaɗi ga masu nawa: in an aike ka, ka je ka dawo, kada surutu ya ɗauke maka hankali. Haka na sha ba wa ɗalibaina ita, har da ɗaga yatsa a ƙarshe.

Sai a daren nan, Ummi tana barci a gefena, wayar tana kife, na gane ba nawa ce ta riƙe Tabawa ba. Tun da matafiyin nan ya ce uwarta tana cigiyarta ta san abin da ake nufi. Tsoro take ji. Muddin tana durƙushe a gidan wani tana shan ruwa, a ranta uwarta tana nan lafiya tana ƙulla daddawa. Mutanen gari sun tsare ta, gaskiya ne, amma ita ma ta ji sauƙin tsarewar.

Ni ma haka. Abubuwan da aka cika gem ɗin da su sun yi mini yawa, ban musa ba, kaina har ciwo ya yi. Amma ni da nake koya wa yara karatu, a ce na kasa gano wuri ɗaya a fuskar waya tun la'asar har isha'i? Kowane akwati na buɗe, na ɗan ja lokaci ne. Muddin ban shiga gonar ba, a raina Habu yana tashar Gwaram, ƙafa ɗaya a kan taya, yana jiran fasinja biyu su cika. Kuma yarinyar da ta roƙi abu ɗaya tak a wurina ta yi barci tana jira.

Da safe Ummi ba ta sake tambaya ba. Ta wanke kwanuka, ta share tsakar gida, ta ɗauki allonta. Wannan shirun ya fi mini ciwo a kan ta yi kuka. Na kira ta na ce ta zauna. Na buɗe gem ɗin, abubuwa suka fara faɗowa kamar jiya, na riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya ban karanta ba. Kyauta, na rufe. Gasa, na rufe. Can ƙasa a kusurwa na ga wani ɗan hoton mutane biyu, na danna, sunayen abokai suka fito. Nasa yana can ƙarshe, da hoton bas ɗinsa.

Gonar tana nan yadda ya bar ta. Sababbin abubuwan nan ko ɗaya bai iso ta ba, ba tafki, ba jirgi. Masara ta nuna tana jiran girbi, shanu suna tsaye, kaji suna zagaya. Ummi ta matso har numfashinta yana taɓa hannuna. Ta ce, “Duk shi ya yi?” Na ce duk shi ya yi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna gefen shinge ta ce, “Wannan fa, me ya same ta?”

Wata bishiya ce ta bushe, da ɗan allo a kafe a gindinta. A gem ɗin, in bishiya ta bushe mai ita ba ya iya raya ta da kansa. Sai dai ya kafa allon neman taimako, wani aboki ya zo ya zuba mata ruwa. Ni ce nake zuba masa kullum. Ya kafa allon ya tafi lodi, yana da tabbacin zan leƙo kafin dare.

Na yi wa Ummi bayani. Ta ce, “In zuba?” Na miƙa mata wayar. Ta sa ɗan yatsanta a hankali ta danna, bishiyar ta yi kore shar, allon ya ɓace. Sai wani rubutu ya fito da Turanci, yana cewa mai gonar zai ga wanda ya taimake shi idan ya dawo.

“Gwaggo, me aka ce?”

Na karanta a zuci, na kasa fassara mata. Na ce, “An ce an gode miki.”

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da kallon bishiyar. Na tashi na shiga ɗaki na tura ƙofa, na yi kukan da na riƙe tun ranar da aka kawo shi, na ƙanena, da na Inna, har da na Tabawa da na yi shekara da shekaru ina ganin laifinta. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Can na ji an ƙwanƙwasa a hankali.

“Gwaggo, gobe ma za mu je?”

Na share fuska da bakin zane, na ce za mu je.