Fim ɗin da ya kwance mini harshe

Wata biyar ban rubuta komai a nan ba. Masu tambayar ina na shiga, da masu cewa sun daina jin muryata a rediyo, yau ga amsarku, kuma da murna nake ba da ita.

Wata Talata da hantsi ina karanta sanarwa kai tsaye, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na so in ce "Dagmanet", sunan wata unguwa, abin da ya fito ni kaina ban gane shi ba. Mai kula da na'ura ya hango bakina ya karkace, ya saki kiɗa, ya ruga neman mota.

A asibiti aka auna tansiyo, wato hawan jini, lokotoro ya sake aunawa da kansa. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Madam, shanyewar ɓarin jiki ce, amma kin zo da wuri. Hannu zai dawo in sha Allah. Magana kuwa sai kin yi mata aiki."

Shekara ashirin da biyu da murya nake cin abinci. Hannun bai tsorata ni kamar bakin ba.

Kullum da safe mai kine, wato mai motsa mana gaɓoɓi, yakan zauna gabana ya ce, "Ce ba. Ce ta." Na gwada sau biyu, na ji yawu na zuba, na ji muryar da ba tawa ba. Daga nan na rufe baki. Kwana goma sai kai nake kaɗawa. Ya faɗa wa ƴan'uwana gaskiya: in na ci gaba da shiru, harshen zai saba da shirun.

Sai Yaya Ramatu, babbar yayarmu, ta shigo da la'asar da wani abu a salularta.

Bari in koma baya kaɗan. Muna yara, babanmu yana da kaset ɗin bidiyo na wani tsohon fim ɗin Indiya na barkwanci, marar kala, fari da baƙi. Labarin wani kuku ne mai yunwa da maigidansa marowaci. Babu mai jin Indiyanci a gidanmu, saboda haka mu muka raɗa musu suna: Ɗan Siriri da Gashin Baki. Ni ce mai yi wa fim baki. Nakan zauna gefen tele in riƙa sa musu Hausa yadda na ga dama, matan unguwa suna riƙe ciki. Can na koyi aikin rediyo, kafin makaranta ta ba ni takarda.

Yaya ta jingina salular a kan kwanon abinci, ta kunna fim ɗin nan namu, ta ce, "Tunda mai baki ta yi yaji, yau ni zan yi."

Aka zo inda Ɗan Siriri ya cinye kazar baƙi, Gashin Baki ya buɗe tukunya ya tarar da miya tsura. Yaya ta gyara murya ta ce, "Maigida ka yi haƙuri, kazar ta ƙone."

Ta ƙone? Shekara talatin ba haka Ɗan Siriri ke faɗa ba!

Na ce, "A'a!"

Ta ce, "Ke kuma mene ne naki? Kwanta, marar lafiya."

Na ce, "Kaza... ta tafi... gaida uwarta. A fara... da miya."

Kalmomin sun fito a karkace, da yawu da komai, amma sun fito! Yaya ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana kuka. A gadon kusa da ni akwai wata tsohuwa Ba'abzina da ba ta jin Hausa sosai, ita ma tana leƙen salular tana ƙyaƙyatawa har inzima, wato ma'aikaciyar jinya, ta leƙo.

Na tambayi Yaya daga baya ko da gangan ta ɓata maganar. Ta ce, "Ni? Tun can ban iya ba, ke kika hana kowa koyo."

Da mai kine ya ji labari, ya ajiye "ba" da "ta". Kullum minti goma na fim, ni ce baki. Mun kalle shi sau nawa, ban ƙirga ba, kuma bai taɓa gundurar ɗakin ba. Na yi ta tunanin dalili. Babu kala da za ta ɗauke ido, fuska ce ke yin aikin duka. Yunwa da tsoron maigida kuwa ba sa buƙatar tafinta, a Indiya ko a Agadas.

Yanzu hannuna yana riƙe biro. A baki kuwa, "R" tana ɗan yi mini gardama in na gaji.

Na gode wa Allah. Na gode wa lokotoro, da mai kine, da abokin aikina da bai tsaya jiran in gama sanarwa ba. Yaya Ramatu, ke sai addu'a.

Ku auna tansiyo ko kuna jin lafiya ƙalau. Ni ban taɓa sanin tawa ta hau ba. In bakin mutum ya karkace ko maganarsa ta harɗe, kada a ce a bari ya huta, a kai shi asibiti nan take. In kuna jinyar irinmu, ku nemo abin da yake so tun yana yaro, kuma kada ku ƙarasa masa magana.

Alhamis mai zuwa, ƙarfe tara na safe, an ba ni minti biyar a rediyo. Ku kunna! In kun ji na tsaya, kada ku murɗa tasha. Ina zuwa.